Gargaɗi Daga Guangzhou: Kada Sakandare Ta Raba Ɗanka Da Harshen Gidansu

Wannan gargaɗi ne, kuma na gaggawa. Ina kira ga 'yan'uwanmu da ke zaune da iyali a Guangzhou da Foshan, da alhazan Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da na kasuwar Maraɗi masu zuwa sarin kaya suna komawa, da duk wanda yake da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare a gida. Shekarun nan shida da yaro ke yi a sakandare sun isa su raba shi da harshen gidansu da tarbiyyar da ke cikinsa, rabuwar da ba a cika dawowa daga gare ta ba. Na ga haka a kan ɗan abokina. Na kuma gan shi a kan mutanen wannan birni su kansu, waɗanda suka fi mu kuɗi, suka fi mu makarantu, kuma a ƙasar kakanninsu suke zaune.

Wata Juma'a, bayan mun sauko daga masallacin Xianxian, inda ake cewa kabarin Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, wani abokina Bakano ya ce lallai in zo gidansa cin tuwon dare. Ya kusa shekara 20 a nan. Matarsa Basiniya ce da ta musulunta, babban ɗansu kuma shekararsa 15, yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Muna cikin cin abinci sai ga kiran bidiyo daga Fagge, Hajiya ce mahaifiyar abokin nawa. Aka miƙa wa yaron wayar. Tana ganin fuskarsa ta washe baki ta ce, "Ina maigidan nawa? Ka ƙi aiko min kuɗin cefane, ko ka yi amarya a Chaina ne ka manta da uwargida?" Yaron ya juyo ya kalli ubansa. Uban ya fassara masa da Sinanci. Ina kallo fuskar yaron ta canza, ya rikice, ya rasa yadda za a yi kakarsa ta kira kanta matarsa. Sai ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Na gode." Iyakar Hausarsa ke nan. Hajiya ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Ba ni babanka."

Yaro ɗan shekara biyar a Fagge ya san amsar wannan wasa. Zai ce mata ta tsufa, ya sake ta, sabuwa zai kawo, a yi dariya, ta ba shi alawa. Wasan kaka da jika ne, hanyar da tsohuwa ke nuna wa yaro cewa nata ne. Wannan yaron ba dolo ba ne. Yana cikin na gaba-gaba a lissafi, yana karanto waƙoƙin zamanin daular Tang da ka, yana da ladabi. Laifinsa babu ko ɗaya. Da ya fito raka ni, uban ya ce da ni, "Wallahi Malam, na ɗauka jini zai koya masa." Bai ƙara cewa komai ba har muka isa bakin titi.

Kada wani ya ce ai don uban baƙo ne, uwar kuma ba Bahaushiya ba. Ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, wanda ke tsayawa a Xiaobei, ku kasa kunne lokacin tashi daga makaranta. Sanarwar tasha da harshe uku ake yin ta: Mandarin, da Kantonanci, da Turanci. Kantonanci shi ne harshen asalin wannan birni, kuma wanda ya daɗe a kasuwannin nan kunnensa na rarrabe shi da Mandarin ko da bai iya ba, don amonsa daban ne, karin sautinsa shida ne inda na Mandarin huɗu ne. Sau da dama na zauna kusa da tsohuwa riƙe da jakar makarantar jikanta, tana yi masa magana da Kantonanci yana mayar mata da Mandarin. Yana jin abin da take faɗa, amma bakinsa ya daina ɗauka. Ɗansa kuwa, in aka ci gaba a haka, ko jin ma ba zai yi ba.

Ga yadda aka zo nan. Tun 1956 gwamnatin Sin ta ba da umarnin yaɗa daidaitaccen Sinanci, wato Mandarin, wanda suke kira Putonghua, a duk faɗin ƙasa. A shekara ta 2000 aka yi dokar harshen ƙasa, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2001, ta tabbatar da cewa da Putonghua ake koyarwa a makarantu. A jikin bangon makarantu akan ga rubutu ana kwaɗaitar da yara su yi magana da shi. Sannan ga kwararar baƙi daga lardunan Hunan da Guangxi da Hubei da sauransu: ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 12.7 a Guangzhou, ta 2020 ta sami kusan miliyan 18.7. A aji guda za ka tarar da 'ya'yan larduna daban-daban, Mandarin kaɗai ke haɗa su. Ni ban ga laifin ƙasa mai mutum biliyan 1.4 ta nemi harshe ɗaya da kowa zai ji ba, kuma duk ɗanmu da ke nan wajibi ne ya iya shi kamar ruwa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne abin da ya sami harshen da aka bari a bakin ƙofar makaranta.

Abin da ya fi yi masa illa jarrabawa ce. Yaro a nan yana rubuta wata jarrabawa a ƙarshen aji tara kafin ya sami gurbi a babbar sakandare, sannan bayan shekara uku ya fuskanci gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni kowace shekara. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta. Kantonanci ba ya ba da maki ko ɗaya a cikinta. Uwa mai son ɗanta ya ci gaba ita da kanta take daina yi masa yaren gida tun yana ƙarami, don kada ya yi tuntuɓe a aji. Babu ɗan sandan da ya shiga ɗakinta ya hana ta. Tsoron faɗuwar ɗanta ne ya sa ta.

Mutanen birnin sun farga, amma bayan ruwa ya ci gari. A watan Yulin 2010, ana shirin gasar wasannin Asiya da Guangzhou ta ɗauki baƙunci a Nuwamban shekarar, majalisar ba da shawara ta birnin ta kawo shawarar a ƙara yawan shirye-shiryen Mandarin a manyan tashoshin talabijin na Guangzhou, waɗanda aka saba ji da Kantonanci. Ranar 25 ga Yuli jama'a, yawancinsu matasa, suka taru a bakin tashar jirgin Jiangnanxi suna kare harshensu. Ranar 1 ga Agusta aka sake taruwa a Lambun Jama'a na tsakiyar birni, aka kuma yi irin wannan taro a Hong Kong a rana guda. Hukumomi suka fito suka ce ba su da niyyar kawar da Kantonanci. Talabijin suka fito karewa, alhali ɓarnar a cikin aji ta riga ta auku, shekara da shekaru, ba tare da an ji ƙararta ba.

Yanzu ana ƙoƙarin gyara, kuma ƙoƙarin na gaske ne, na gan shi. A 2009 hukumar UNESCO ta sa Yueju, wasan kwaikwayon waƙe na Kantonawa, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A 2016 aka buɗe masa katafaren gidan tarihi a gundumar Liwan, kusa da tsohuwar unguwar Yongqing Fang, da tafki da dandali inda ake wasa jama'a na kallo. A 2017 gwamnatin tsakiya ta fitar da tsarin shigar da wasannin gargajiya cikin makarantu, da burin kowane ɗalibi ya kalli wasa ɗaya kyauta a shekara. Makarantu da yawa a birnin suna da ƙungiyar rawar zaki, da ajin ɗinkin surfani irin na Kanton, da zanen tangaran, duk a ƙarƙashin abin da suke kira al'adar Lingnan, wato ta yankin kudu da duwatsu. Ana kai ɗalibai tsohon zauren zuriyar Chen da aka kammala a 1894, su ga sassaƙa.

Na taɓa tsayawa a wannan gidan tarihi na Liwan ranar da aka kawo 'yan sakandare cikin rigunan makaranta. 'Yar wasan ta fito da adon kai mai walƙiya da dogayen hannun riga farare, ta fara rerawa. Tsofaffin da ke zaune gaba suna bin ta da leɓe suna kaɗa kai. Yaran kuwa da yawansu idonsu na kan rubutun da ke gudana a allon gefen dandali, ta nan suke gane abin da ake faɗa. Da aka gama suka yi tafi, suka ɗauki hoto, malamarsu ta ƙirga su, suka hau mota. Wasan kakanninsu ne, a garinsu, amma kallon baƙo suka yi masa. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan aka koyar da al'ada bayan an cire mata harshe: sai ta koma abin zuwa gani sau ɗaya a shekara.

Ku kwatanta da abin da hukuma ta ɗauka da muhimmanci. A manhajar babbar sakandare ta 2017 an ɗaga yawan tsofaffin waƙoƙi da rubuce-rubucen gargajiyar Sin da ake so ɗalibi ya haddace daga 14 zuwa 72. Waɗannan suna fitowa a jarrabawa, don haka yara na haddace su da asuba da dare. Sinawa sun san sarai yadda ake dasa gado a zuciyar matashi. Gadon da suke so ya zauna, cikin jadawalin darasi da takardar jarrabawa suke sa shi. Wanda aka bari ga ƙungiyar bayan tashi daga aji, yana nan gwargwadon ƙwazon malami ɗaya ko biyu.

To, ku 'yan'uwana mazauna nan, idan harshen masu gari bai sami kujera a aji ba, Hausa ce za ta samu? Ɗanka zai fito daga sakandare ya san bikin bazara da na kwale-kwalen dodo, ya san Confucius da daulolin Sin bi da bi, kuma babu laifi ya sani, ƙasar da ya tashi ce. Amma babu ranar da malami zai ambaci Bayajidda da rijiyar Kusugu, ko Sarauniya Amina, ko Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, ko Tanimun na Damagaram. Babu mai koya masa cire takalmi a gaban babba, ko yadda ake gaisuwar ta'aziyya, ko dalilin da ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Addini ma ba a koyar da shi a makarantun gwamnati, dokar ilimin ƙasar ta raba su. In kai ba ka koya masa ba, babu mai koya masa a duk faɗin lardin Guangdong.

A nan dole in ja kunne sosai. Kada ɗokin gyara ya sa wasu su kama ɗaki a unguwar Dengfeng ko Sanyuanli su tara 'ya'yan mutane su ce sun buɗe Islamiyya ko ajin Hausa ba da izini ba. Ƙasar nan tana da tsauri a kan makarantar da ba ta da rajista, da kuma koyar da ƙananan yara addini a taro, kuma abin na iya jawo wa mutum asarar bizarsa da kasuwancinsa, ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya ga abin da 'yan Afirka suka sha a watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da mutane daga gidajen haya da otal-otal saboda korona, ya san zamanmu a nan na lallaɓawa ne. Ka koyar da ɗanka a kan tabarmarka. Daga yau, kai da shi Hausa kawai, ko da zai amsa da Sinanci, ko da zai yi fushi. Uwar ta riƙe nata harshen, kai ka riƙe naka, yaro na iya ɗaukar uku ba tare da ya sha wahala ba. Ka rage zaman shago da na gidan abincin Xiaobei bayan isha'i, ka koma gida kafin ya yi barci.

Babban hutunsu Yuli da Agusta ne. Ka kai shi gida ya yi wata biyun nan a gidan kakanninsa, cikin 'yan'uwansa, a aike shi shago, ya bi yara masallaci, a yi masa dariya in ya karya Hausa har ya gyara. Ka fara neman takardu da wuri. Sin ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, kuma yaron da aka haifa a nan wanda ɗaya daga cikin iyayensa Basine ne, ɗan ƙasar Sin ne a idon doka. Saboda haka ka je ofishin shige da fice da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Guangzhou tun watanni kafin tafiya, kada ka bari sai an sayi tikiti. Kuma ka yi wannan kafin ya shiga babbar sakandare, don da zarar ya shiga, karatun safe da na dare da na ƙarshen mako ba za su bar maka shi ba.

Ku kuma na gida, kada ku karanta wannan ku ce matsalar 'yan Chaina ce. Gemun maƙwabci ne ya kama wuta, namu kuma ya fara hayaƙi. Najeriya ta cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tsawon shekara 13, kamar yadda gwamnati da kanta ta faɗa lokacin da ta ƙaddamar da dawo da shi a 2022. Harsunan gida da a da ake tilasta wa ɗan babbar sakandare ya ɗauki ɗaya daga cikinsu sun koma na ganin dama. A Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai ga shi a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce da Turanci za a koyar tun daga tushe. A makarantun kuɗi da dama a Kano da Kaduna da Abuja har yau ana cin tarar yaro ko a sa shi durƙuso don ya yi harshen gida, abin da suke kira banakula, iyaye kuma na jin daɗi suna cewa makarantar na da tsari. Sai a ware rana ɗaya a shekara a ce ranar al'ada, a naɗa wa yara rawani, a sa 'yan mata ɗaukar ƙwarya, a dafa dambu, a yi hoto. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin nan da Yueju ke ciki. Abin alfahari ne, amma ku tambayi ɗan ajin ƙarshe na sakandare bambancin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, ko ma'anar kirarin da ake yi wa Sarki in ya fito, ku ji abin da zai ce.

Na san amsar da ake bayarwa: Hausa ta yi yawan da ba abin da zai same ta, ga Kannywood, ga gidajen rediyon duniya, ga Nijar da ta ayyana ta harshen ƙasa a 2025. Masu jin Kantonanci a duniya adadinsu bai yi nisa da na masu jin Hausa ba. Suna da finafinan Hong Kong da mawaƙan da duk Asiya ta sani, irin abin da namu masana'antar ba ta kai ba tukuna. Duk da haka jika na mayar wa kakarsa da wani harshe a jirgi. Harshe ba ya faɗuwa rana ɗaya. Zurfinsa ne ke fara tafiya: karin magana, da habaici, da zaurance, da sunayen itatuwa da na sassan doki da kayan saƙa, da iya rubuta wasiƙa a bambance ƙ da k. Abin da ke saura shi ne Hausar ciniki da gaisuwa, rabinta Turanci. A wasu gidajen manyan ma'aikatanmu a Abuja ko wannan ma ta fara ƙaranci.

Akwai kuma gaskiyar da ba ma son ji. A wurare da dama a Bauchi da Filato da kudancin Kaduna, Hausa ce ke yi wa ƙananan harsuna abin da Mandarin ke yi wa Kantonanci. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace tun farkon rabin ƙarnin da ya wuce, masu shi suka koma Hausa. Duk wanda ke neman a ba Hausa kujera a sakandare, ya nemi a ba Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Zabarmanci da harshen Buzaye da na sauran maƙwabtanmu tasu kujerar a inda 'ya'yansu ke karatu. In ba haka ba kukanmu son kai ne.

Abin yi ba ya jiran gwamnatin tarayya. Uba ya je makarantar ɗansa a wannan makon, ya zauna da shugaban makaranta, ya tambaya sau nawa ake darasin Hausa a mako, wa ke koyarwa, kuma me ya karanta. In malamin wani fannin ne aka ɗora wa don cike gurbi, a faɗa a taron iyaye da malamai a kuma nemi canji, ga waɗanda suka karanta fannin a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo da kwalejojin ilimi suna yawo ba aiki. Lokacin zaɓen darussa a ajin farko na babbar sakandare, a sa Hausa cikin waɗanda yaro zai rubuta a WAEC da NECO, ko da likita yake son zama, don takardar ta ƙunshi harshe da adabi da al'ada, kuma abin da za a tambaye shi a jarrabawa shi zai karanta. Makarantar da ke cin tarar yaro don ya yi harshen uwarsa, a gaya mata ta daina ko a cire shi. Kwamishinonin ilimi na jihohinmu suna da ikon wajabta darasin a makarantun da suke ba lasisi, 'yan majalisar jiha kuma a unguwanninmu suke zaune, a same su. Shugabannin makarantu su buɗe ƙofa ga marina na Ƙofar Mata da dukawa da maƙera da tsofaffin mata masu tatsuniya su shigo aji a kai a kai cikin zangon karatu, a ba yara maki a kan abin da suka koya.

Ɗan abokina zai rubuta jarrabawarsa a watan Yuni, ya shiga babbar sakandare a Satumba. Uban ya fara zirga-zirgar takardu don ya kai shi Fagge a Yuli. Hajiya ta haura shekara 80, kuma tun daga ranar nan, in ta kira, gaisawa kawai suke yi ta ce a ba ta babansa.